Inci Takwas na Mma Fuseina

Watan jiya wata malama daga jami'a ta zo shagona a Maamobi da takarda cike da tambayoyi. Ta ce bincike take yi a kan lissafin da manya ke yi a wurin sana'a, waɗanda suka yi boko da waɗanda ba su yi ba. Ta tambaye ku, ku 'yan koyona uku, wane lissafi kuke yi a ɗinki. Kuka dubi juna kuka ce babu. Ke Rukaya har kika ƙara da cewa ai gudun lissafi ne ya kawo ki ɗinki. Ina tsaye da almakashi a hannu na ji wannan. Ban tanka ba, don ba a wanke ƙazamin zane a gaban baƙo. Yanzu na rubuta muku. Ku karanta, ba zan maimaita ba.

Na gama sakandare a 1981, kuma lissafi ne darasin da na fi ci. Aikin ofis bai samu ba. Da zaman gida ya kai wata biyar, babana ya sayo tsohon keken ɗinki mai juyawa da hannu a kasuwar Tudu, ya haɗa da almakashi, kujera 'yar tsugunne, goro da lemo, ya kai ni wurin Madam Salamatu a Nima, can bayan babbar gota, wato magudanar ruwan unguwa. Ya ce mata, "Ga Adiza nan. Tana da kai, amma tana da baki." Madam ta dube ni sama da ƙasa ta ce bakin ba matsala ba ne, akwai allurai da yawa da za a riƙe da shi.

Wata shida ban taɓa zanen mutum ba. Shara, hura gawayin dutsen guga, sai ɗinka takardar buhun siminti ba zare, layi bayan layi, har ramukan allura su miƙe kamar an ja da rula. Daga nan maɓalli, daga nan kalmasa. Ku da kuke tsaki don na ce ku yi sati biyu a kan takarda, ku ji.

Madam ko sunanta ba ta iya rubutawa, kuma ba ta awo da tef. A bangon shagon akwai ƙusoshi jere, kowace ƙusa da igiyoyi a rataye. Igiyar ba komai ba ce illa zirin ƙyalle da aka yago daga bakin atamfar farko da mace ta kawo. Da shi za a auna ta, a ƙulla kafaɗa, a ƙulla ƙugu, a ƙulla ƙirji, a ƙulla kwankwaso, a ƙulla tsawo. Ba a rubuta suna. Madam na ganin furen ƙyallen ta san mai shi, ta san unguwarsu, ta san 'ya'yanta nawa. Ni kuwa ina da tef mai inci a gaba, santimita a baya, da littafi, da fensir a bayan kunne. A idona bangon nan kasuwar tsummoki ne.

Ranar farko da ta bar ni na tsaya kusa da teburin yanka, kaba za a yi wa wata mai sayar da sabulu. Kaba ita ce rigar sama, silit kuma dogon fatarin da ake sawa da ita. Yadi shida kenan ga mace ɗaya, biyu kaba, biyu silit, biyu mayafi. Na auna matar da tef ɗina na ce, "Madam, ƙirjinta talatin da takwas da rabi ne. In aka raba huɗu..." Ina laluben fensir, Madam ta ninka igiyar sau ɗaya, ta sake ninkawa, ta ɗora a kan zane, ta ja alli.

"Kin gama rabawa?"

"Tara da biyar bisa takwas."

"Zo ki auna nawa."

Na auna. Tara da biyar bisa takwas ne, da ƙarin faɗin yatsa ɗaya. Na ce to wannan yatsan fa, daga ina ya fito?

"Numfashi," in ji ta. "Matan makarantarku ba sa yi?"

Ban ɗauki darasin ba. Na ce a raina sa'a ce da sabo. Haka kuma ranar da na lissafa a takarda cewa yadi uku da rabi zai isa kaba da silit na wata yarinya, alhali atamfar mai lema ce, kuma lema tana da sama tana da ƙasa. Takarda ta ce ya isa, atamfa ta ce bai isa ba, sai dai in yarinyar ta yarda ta yi yawo da lemomi a kife a bayanta. Madam ta gani kafin in yanka. Wannan ma na ce kuskuren ido ne, lissafina kuwa lafiyarsa lau.

Sai 1983. Ku tambayi iyayenku. Ruwa ya ƙi zuwa, wuta ta ci gonaki, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Legas sun cika kowane ɗaki a Nima. Mutane na yin layi su sayi kenke, dunƙulen ƙullun masara da ake dafawa a ganye, tun yana ɗanye su kai gida su dafa da kansu, don in ka jira ya nuna ba za ka samu ba. Ƙashin wuya ya fito wa kowa, har limamai. Atamfa ta ɓace daga kasuwa. Aikinmu ya koma rage kaya. Mace za ta zo da kabar da ta cika a bara, bana tana iyo a ciki. Madam ba ta taɓa yanke rarar ba. Ninke ta take yi a ciki ta bi da ɗinki, ta kira ta ajiya. Ni abin yana ba ni haushi. A makaranta an koya mana a datse bakin ɗinki ya zama rabin inci, tsaf, ba tudu. Na Madam in ka juya cikinsa kamar an ɓoye wata rigar.

A cikin wannan shekara Mma Fuseina ta shigo da ƙunshi a hammata. Mai kenke ce a Maamobi, mace ce mai jiki da in ta zauna a torotoro, motar haya, sai yaron mota ya yi ƙorafi. Ranar nan da ƙyar na gane ta don rama. Ta kwance ƙunshin, atamfa ce shuɗiya mai fararen tsuntsaye, duk suna tashi sama, yadi shida cur, ƙamshin akwati na fita daga jikinta.

"Salamatu, wannan ne na ƙarshe," ta ce wa Madam. "Sauran na ba mutanen ƙauye sun ba ni rogo. Wannan na uwata ne, almakashi bai taɓa shi ba. Matar ɗana ta haihu shekaranjiya, wanda ya dawo daga Legas. Ba zan tsaya a sunan jikata kamar an rataya zane a ƙyaure ba."

A ranar ne kuma aka aiko daga Kumasi cewa yayan Madam ya rasu. Tana ɗaura ɗankwali ta ce mini, "Adiza, igiyarta na ƙusa ta uku, mai jan fure. Ki yanka da ita." Ta fita. Lokacin saura wata biyu in yi firidom, wato bikin da ake yaye ɗan koyo a ba shi almakashinsa ya kama gabansa.

Na sauko da igiyar, na shimfiɗa ta a kan tef. Kwankwaso inci arba'in da shida. Na auna Mma Fuseina da kanta, tana tsaye a gabana. Talatin da takwas. Ƙirji a igiya arba'in da biyu, a jikinta talatin da shida. Na sake aunawa. Na ce, "Mma, igiyar nan ta tsufa, ba taki ba ce yanzu."

Ta ce, "Yoo. Ku ne 'yan makaranta."

Na zauna da fensir. In na bi igiya, zanen zai tafi duka, rabinsa a ninke a ciki inda ba mai gani. In na bi tef, kusan yadi ɗaya zai rage. A shekarar da ba a samun ko ƙyallen ɗaure yatsa, yadi ɗaya. Na ga kaina ina nuna wa Madam. Ban ɓata lokaci ba. Na yanka kaba daidai jikinta, da yatsan numfashi, don wannan kam na koya. Silit, wanda kowace tela a Nima ta san ninke shi ake yi ba a yankawa, na yanka shi. Na datse bakin ɗinki rabin inci. Da abin da ya rage na ɗinka wa jaririyar riga mai tattara, na yi ta da girma don ta sa in ta fara zama.

Ranar suna Mma Fuseina ta fito, tsuntsaye duk suna kallon sama, kaya sun zauna mata ɗas. Aka ɗaga rigar jaririya ana nuna wa mata. Wata ta ce 'yar boko ta fitar da mutum biyu daga zanen mutum ɗaya. Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Madam ta sauka daga motar Kumasi da hantsi, ta wuce gidan sunan kai tsaye. Na ga ta rungume Mma Fuseina tana yi mata barka, na kuma ga yatsunta biyu sun kama ɗinkin gefe sun murza. Ta murza ɗaya gefen. Ta ci gaba da gaisawa da mutane. Sai da muka koma shago, ta cire takalmi, ta sha ruwa, sannan ta ce:

"Ina ajiya?"

"Madam, ba a buƙata. Na auna ta sau biyu."

"Kin auna wa?"

"Mma Fuseina."

"A'a. Yunwa kika auna. Mma Fuseina tana ƙusa ta uku."

Na fara bayani a kan yadin da na ceto. Ta bar ni na gama. Ta ce firidom ɗina ba zai yiwu bana ba, sai an ci sabuwar masara. Na ce me ya haɗa firidom da masara? Ta ce in hura dutsen guga.

Babana ya zo ba da haƙuri, bai ma san laifin ba. Ni ma a lokacin ban yarda akwai laifi ba. Wata goma na yi ina kumbure-kumbure ina kalmasa.

Shekara ta juyo, ruwa ya sauka, masara ta shigo Nima buhu-buhu. Mma Fuseina ta mai da tukunyarta kan murhu, kuma mai dafa kenke ba ta kwana da yunwa. Ana saura kwana tara babbar Sallah ta shigo shago, sai da ta karkata kafin ta wuce ƙofa. Kabar da silit suna hannunta.

"Salamatu, ki buɗe mini su. Kaba ta tsaya a kafaɗa, silit ya tsaya a cinya. Na ce wa 'yata ta ja, ta ce ita ba za ta ɗauki alhakin zanen kakarta ba."

Madam ba ta karɓa ba. Ta nuna ni da haɓa. "Ga mai lissafin nan."

Na juya cikin kayan duk da na san abin da zan gani. Rabin inci, tsaf, ba tudu. Mma Fuseina ta leƙa ita ma. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ba ni da wani fa, 'yata. Ban fara sayen zane ba tukuna, bakuna goma sha ɗaya nake ciyarwa."

Na ce a ba ni mayafin in yanko daga jiki. Ta ce mayafin da bai cika yadi biyu ba, ita ba ta fita da shi, ba ta shirya zama abin hira a Maamobi ba. Madam ta auna ta da tsohuwar igiya mai jan fure. Ƙullin kwankwaso ya faɗa wurinsa kamar jiya aka ƙulla.

"Inci nawa kika ce?" Madam ta tambaye ni.

"Takwas."

"To, ki nemo su. In kin samo, mu yi maganar firidom. In ba ki samo ba, ki je ki gaya wa uwarta a kabari."

Wuri ɗaya ne a duniya da sauran atamfar nan take. Na je gidan Mma Fuseina, na roƙi uwar jaririya rigar, da ma ta yi wa yarinyar kaɗan. Na warware ta zare bayan zare, na goge gudajen, na jera a tebur. Mafi tsawonsu inci goma sha shida. Silit tsawonsa arba'in. Ina buƙatar ƙari a kowane gefe, faɗin inci huɗu, biyar in an haɗa da bakin ɗinki, daga ƙugu har ƙasa. Daga tsuntsu zuwa tsuntsu inci bakwai ne, don haka duk inda zan yi haɗi sai ya faɗa tsakaninsu, in ba haka ba a ga tsuntsu mai kai biyu. Kaba kuma na neman nata shida. Wannan na samo daga hannayen kabar kanta, na rage su daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Silit ne ya ƙi. Na yanka takardar siminti daidai kowane guda, na juya, na sake juyawa. Kwana uku. Ko ta ina na ɓullo, gefe ɗaya ke fita, ɗayan ya tsaya a rabi.

Rana ta huɗu bayan azahar Madam ta tsaya a kaina tana cin goro.

"Me ya sa kika ja shi har ƙasa da faɗi ɗaya?"

"Inci takwas ake nema."

"A ina?"

"A kwankwaso."

"To wa ya ce miki idon sawunta ya yi ƙiba?"

Ta ɗauki doguwar takardata mai kusurwa huɗu, ta ninka ta a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta yaga. Guda ɗaya ya zama biyu, kowanne da faɗi a kai ɗaya, tsini a ɗayan. Na san wannan. Na yi shi a aji uku, na ci shi a jarrabawa, malami har ya sa aka tafa mini. Kwana uku yana gabana ban gan shi ba, don a littafi ba a taɓa sa masa kwankwaso ba.

Na ce, "Amma Madam, na biyun sai an kifa shi kafin faɗin ya koma sama. Tsuntsayensa za su kalli ƙasa."

"A wace kafaɗa take yafa mayafi?"

Ban sani ba. Shekara uku ina ganin matar.

"Hagu. Kuma har gwiwa yake sauka. Sa su a hagu."

Haka na yi. Na gyara faɗin yadda zai riƙe daga ƙugu zuwa kwankwaso kafin ya fara tsukewa, na haɗa, na goge. Wannan karon duk abin da ya yi saura, ko faɗin farce ne, na ninke shi a ciki. Ana gobe Sallah Mma Fuseina ta zo ta gwada. Ya shiga. Ta zauna, ta tashi, ta ɗaga hannu, ta ja numfashi. Ta leƙa gefen hagu ta ga tsuntsaye uku suna faɗowa.

"Waɗannan fa?"

"Sun ga masara ne, Mma," in ji Madam.

Ta ce yoo, ta yafa mayafi a kai, suka ɓace.

Bayan Sallah mata biyu suka zo neman a yi musu silit irin na Mma Fuseina, mai ƙari a gefe. Madam ta ce Adiza ce ta iya, amma sai an yi yunwa tukuna.

An yi firidom ɗina wata guda bayan haka. Aka zuba mini hoda a ka, aka yi addu'a, Madam ta miƙo mini almakashi. Ta haɗa da igiya mai jan fure, don ta yi wa Mma Fuseina sabuwa. Kafin ta ba ni sai da ta sa na ƙulla awon da na yi wa Mma Fuseina a jikin igiyar, talatin da takwas, can ƙasa da nata ƙullin. Ita ce kuke gani a rataye bayan kekena, wadda ke Rukaya kika taɓa tambaya ko a zubar.

Ina amfani da tef har yau, ina rubutu a littafi, kuma na fi Madam saurin fitar da yayin mata talatin, wato anko, daga atamfa iri ɗaya. Boko bai cuce ni ba. Amma tef abin da ya tarar yau kawai yake faɗa. Bai san wadda ta tashi daga jinya ba, bai san mai shayarwa ba, bai san wadda ta zo awo ana kwana ashirin da fara azumi ba. Wannan ke za ki sani, ki ƙara a lissafi. In kin yanka kuma kin yanka.

Malamar jami'ar da ta ji rabin labarin nan ta ce sai ta ga Madam. Na kai ta Nima. Madam ta tsufa, ido ya yi rauni, ta daina ɗinki, tana zaune a tabarma tana tsince wake. Malamar ta karanta tambaya daga takardarta da Turanci, ni ina juyawa. Riga ɗaya tana cin yadi biyu da kwata. Riga nawa za a samu a yadi goma sha biyu?

"Rigar wa?" in ji Madam.

Malamar ta ce ta kowa.

"Babu mace mai suna kowa. Tana da ciki? Zanen na da sama da ƙasa?"

Malamar ta ce a ɗauka babu ciki, kuma farin yadi ne. Ta riga ta kai biro kusa da gurbin da ake sa wa waɗanda ba su amsa ba.

"Biyar," Madam ta ce, ba ta ɗaga kai daga waken ba. "Kwata uku zai rage. A ninke a mayar wa mai zane." Sai ta juyo da fuska wajen da ta ji muryata. "Kada a yi wa jikarta riga da shi."

Malamar ta duba bayan takardarta, ta ga biyar, ta ga kwata uku. Ta ce in fassara mata maganar ƙarshe. Na ce wannan ba ya cikin tambayar.

Rukaya, gobe Anti Zenabu za ta kawo leshinta. Sati uku kenan da aka sallamo ta daga asibiti. Shafinta na cikin littafi, awon bara. Ki auna ta, ki rubuta na bana a gefe, ki kawo mini duka biyun. Almakashin yana cikin jakata, kuma a can zai kwana.